Ƙaro, Tawada da Lissafin Zarra: Bahasi daga Birnin Damagaram

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani malami cikin Birnin Zinder, ko a wata tsangaya ta Zango, ya ga yadda ake haɗa tawadar allo: a kankaro baƙin tukunya ko a daka gawayi ya yi lilis, a jiƙa ƙaro har ya narke, a gauraya su, a tace, a zuba a kurtu. Aiki ne da aka saba bar wa almajirai, ba a kuma lissafa shi cikin fannonin ilimi; amma akwai sharaɗi guda a cikinsa wanda babu gardin da ya jahilce shi, wato idan aka hana tawada ƙaro, ko aka yi mata ƙwauronsa, ba za a daɗe ba baƙin zai dunƙule ya kwanta a gindin kurtu, ruwa ya taso sama garau, alƙalami ya shiga ya fito bai ɗauko kome ba, alhali kuwa in aka sa shi daidai gwargwado tawadar za ta zauna da baƙinta, ta kama allo, ta yi sheƙi, ta kuma wanku idan lokacin wanki ya yi. Kowa ya san haka take. Amma illar da ta sa haka, wato dalilin da ɗan ƙaro kaɗan yake hana gawayi nutsewa, mas'ala ce da ta gagari manyan masana har cikin ƙarni na 20, kuma sa'ad da amsarta ta bayyana, sai ta fito ta wata ƙofa da ba wanda ya zata, domin da hisabin da aka ƙaga don bayanin haske da zarra aka warware babban sashenta.

Fannin da yake bahasi a kan irin waɗannan abubuwa reshe ne na ilimin ɗabi'a, wanda 'yan makaranta ke kira fizik, kuma abin da ya sa a gaba shi ne jikunan da suke tsakanin ruwa da dutse: tawada, nono, kumfar sabulu, laka, yauƙin kuɓewa, danƙo, jini, da fatar da ake jiƙawa a majema. Masana sun tara su ƙarƙashin suna guda, suka ce da su abubuwa masu taushi, saboda sun yi tarayya a siffa ɗaya, ita ce ɗan abu kaɗan yana juya halinsu baki ɗaya. Majeman Zinder, waɗanda jar fatarsu ta yi suna tun zamanin da ayari ke ɗaukarta zuwa Tarabulus, sun san cewa ruwan bagaruwa shi ke raba fatar da za ta ruɓe da wadda za ta shekara da shekaru. Magina kuma, tun daga waɗanda suka ɗaga ganuwar Birni a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi mulki har 1884, sun san cewa ƙasa ɗaya ce take zama taɓo mai gudu ko tubali mai ɗaukar soro, gwargwadon ruwan da aka ba ta da kwanakin da aka bar ta ta tsima.

Malamanmu na fiƙihu ma sun taɓa bakin wannan bahasi, ko da yake da wata manufa. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna hukuncin ɓeran da ya mutu cikin man shanu ko zuma, inda aka bambanta tsakanin narkakke da daskararre. To, da masu sharhi suka zo fayyace iyakar da ke tsakanin biyun, sai wasunsu, kamar Shehu Dardir a sharhinsa na Muhtasar, suka auna ta da lokaci, suka nuna cewa daskararre shi ne wanda in an ɗebi wani abu daga jikinsa gurbin ba ya saurin cikewa. Wannan ma'auni ya dace ƙwarai da wanda James Clerk Maxwell ya kafa a 1867, inda ya ba kowane irin wannan jiki wani lokaci nasa na saki, ya nuna cewa in ka taɓa shi da gaggawar da ta fi wannan lokaci zai tsaya maka kamar daskararre, in kuwa ka yi masa jinkiri zai kwarara. Ban kawo wannan don in ce magabatanmu sun riga Turawa sanin fizik ba, domin da'awa ce marar hujja, kuma mai yin ta yana zaluntar ɓangarorin biyu. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa tambayar ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu, kuma hankalin da ya saba da tsefe mas'ala irin ta fiƙihu ba zai yi ƙyamar abin da ke tafe ba.

Mu fara da ƙwayar gawayi guda a cikin kurtu. Ƙanƙantarta ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ko ƙasa da haka, kuma abu mai wannan ƙanƙanta ba ya samun natsuwa a cikin ruwa, domin zarrorin ruwan, waɗanda zafi yake motsa su dare da rana, suna ta bugunsa ta kowace fuska, ya yi nan ya yi can ba da wata alƙibla ba. Robert Brown, masanin tsirrai, ya lura da wannan rawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma a 1827 bai gane musabbabinta ba. Albert Einstein ya yi hisabinta a 1905, sa'an nan Jean Perrin a Faransa, daga 1908, ya gwada hisabin da ƙwayoyin danƙon wata bishiya ta ƙasar Kambodiya, yana ƙirga su ɗai-ɗai, har ya fitar da adadin zarrorin da ke cikin ma'auni sananne. Da wannan aiki ne masu shakkar samuwar zarra suka sallama, shi kuma ya sami lambar Nobel a 1926. Malaman tauhidi sun daɗe suna jayayya a kan jauharin da ba ya rabuwa, da hujjojin hankali tsantsa. Sai ga shi danƙon itace a cikin ruwa ya zama shaidar da ido ke gani. Muddin dai ƙwayar gawayi tana ita kaɗai, wannan bugu ya isa ya daɗe yana hana ta kwanciya. Halakarta tana zuwa ne sa'ad da ta gamu da 'yar'uwarta suka manne, biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama dunƙule mai nauyin da bugun ruwa ba ya iya ɗagawa.

To, me ke sa su mannewa? A nan ne ilimin kwantom, wato na halin zarra da haske, ya fara shigowa. Fritz London ya nuna a 1930 cewa kowace zarra, ko da ba ta ɗauke da lantarki a zahiri, tana da wata kyarma ta lantarki da ba ta yankewa, kuma kyarmar zarrori biyu makusanta tana daidaituwa har su ja juna. A kan wannan ne Derjaguin da Landau a Rasha, a 1941, da kuma Verwey da Overbeek a kamfanin Philips na Eindhoven a ƙasar Holan, a 1948, suka gina ƙa'idar da ake karantarwa har yau, wadda ta ce zaman irin waɗannan ƙwayoyi cikin ruwa rinjaye ne tsakanin wancan ja da kuma turin da lantarkin bayansu yake yi, kuma gishiri da danginsa suna raunana turin. Mutanen Damagaram, waɗanda garinsu ya zauna a kan duwatsu, ƙarancin ruwa kuma ya dame su tun kafin Faransawa su ɗauke hedikwatar mulkinsu daga nan zuwa Yamai a 1926, sun san aikin wannan ƙa'ida a tulu: a jefa ɗan alam ko dakakken ƙwayar zogale a ruwan tafki mai laka, lakar ta dunƙule ta kwanta, a tsiyaye na sama. Abin da mai tawada yake gudu shi ne mai tace ruwa yake nema.

Sai dai a can Eindhoven an lura cewa idan ƙwayoyin suka ɗan nisanci juna, jan da ke tsakaninsu ya fi rauni bisa ga yadda hisabin London ya hukunta. Hendrik Casimir da Dirk Polder suka ɗauki wannan ɗan saɓani da muhimmanci, suka gano a 1948 cewa dalilinsa shi ne saƙon lantarki yana bukatar lokaci kafin ya je ya dawo, tun da ba abin da ya fi haske sauri. Casimir bai tsaya nan ba. A cikin shekarar ya nuna cewa ko da an kwashe iska da kome daga wani wuri, aka jera faifan ƙarfe biyu dab da juna, za su ja juna, domin wurin da muke kira wofi ba wofi ba ne, yana da kyarmarsa. Ƙarfin ba na wasa ba ne idan ratar ta ƙuntata, domin in ta kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita, matsin yana kusa da na iskar duniya da ke kanmu. An auna shi da kyau a Amurka a 1997. Ina ganin wannan yana cikin mafi ban ta'ajibin labaran ilimi: bincike a kan abin da ke sa gari ya dunƙule a cikin ruwa ya kai mutane ga sanin halin sararin da ba kome a cikinsa.

Wannan kyarma ta sarari ita ce zuciyar abin da ake kira nazariyyar filayen kwantom. Ma'anarta a taƙaice ita ce, asalin halittar jiki ba ƙananan duwatsu ne masu yawo a cikin wofi ba, bal wasu filaye ne da suka game ko'ina, kowane da adadinsa a kowane wuri da kowane lokaci, kuma abin da muke kira ƙwayar haske ko ƙwayar lantarki motsi ne na filin, mai zuwa da ƙididdigaggen rabo wanda ba ya gutsuruwa. Paul Dirac ya aza tubalinta a 1927, sa'an nan Feynman da Schwinger a Amurka, da Tomonaga a Japan, suka gyara hisabinta a shekarun 1940, aka ba su Nobel tare a 1965. Daga cikin dabarun Feynman akwai wadda ta shafe mu kai tsaye: ya ce in kana son sanin yiwuwar ƙwaya ta tashi daga nan ta isa can, to, tara dukkan hanyoyin da za ta iya bi, miƙaƙƙu da karkatattu, ka ba kowace nauyinta, jimlarsu ita ce amsa.

Yanzu mu koma ga ƙaro. Shi da yauƙi da danƙo da jijiyar fata duk silsiloli ne, wato dogayen sarƙoƙi da aka ƙulla daga ƙananan gaɓoɓi ɗaruruwa ko dubbai, kuma silsila a cikin ruwa ba ta miƙewa, tana lanƙwashewa ne ta kowace fuska saboda wancan bugu na zafi. Idan ta lulluɓe ƙwayar gawayi, aka kuma ce wata ƙwayar mai irin wannan lulluɓi ta matso, sai silsilolin su takura, hanyoyin lanƙwasarsu su ragu, su kuwa su tura baya don neman sarari, har ƙwayoyin su kasa kusantar juna zuwa inda jan London yake da ƙarfi. Wannan ita ce illar da muke nema tun farko. Pierre-Gilles de Gennes, malamin Faransa da aka ba Nobel a 1991 saboda ayyukansa a wannan fanni, yakan kawo misalin tawadar gawayi da ƙaro ta marubutan dā idan yana yi wa ɗalibai bayani. Amma don a san kaurin lulluɓin da ƙarfin turinsa, dole a san girman da silsila take ɗauka in ta cure, kuma a nan hisabi ya yi tsauri.

A ƙaddara mutum ya shiga lungunan Birni, a kowace mararraba yana jefa ƙuri'a don zaɓen inda zai bi. Hisabi ya tabbatar cewa in ya ninka takunsa sau 100, nisansa daga inda ya tashi sau 10 kaɗai zai ninku, saboda yawan komowa da yake yi. Siffar silsila kamar sawun wannan mutum take, sai dai da sharaɗi guda mai nauyi: gaɓa biyu ba sa zama a gurbi ɗaya, wato an haramta masa taka inda ya riga ya taka, ko da tun da safe ne. Wannan sharaɗi, mai sauƙin faɗa, ya sa kowane taku ya rataya ga dukkan waɗanda suka gabace shi, kuma har yau ba a sami cikakkiyar warwararsa a sarari mai fuska uku ba. Paul Flory, masanin haɗa sinadarai na Amurka, ya yi kirdado mai kyau cewa girman curin yana tafiya da tsawon silsila bisa ma'aunin 3 cikin 5, maimakon rabi. Sam Edwards, mutumin Wales wanda ya yi karatu a hannun Schwinger a Harvard, shi ne ya lura a 1965 cewa tara dukkan siffofin da silsila za ta iya ɗauka daidai yake da tara dukkan hanyoyin ƙwaya a dabarar Feynman, tsawon silsila yana tsayawa a matsayin lokaci. Da haka ya ɗauko kayan aikin fannin zarra kacokan ya shigo da su fannin danƙo.

Cikamakin ya zo a 1972. Shekara guda kafin nan Kenneth Wilson, wanda shi ma daga nazarin filayen kwantom ya fito, ya ƙago hanyar magance mas'alolin da ƙanana da manyan ma'aunai suka cakuɗe a cikinsu: a dunƙule ƙananan sassa a mai da su guda, a duba yadda ƙa'idar ta sauya, a sake dunƙulewa, a yi ta yi har a kai inda ƙa'idar ta daina sauyawa, abin da ya saura a wannan matsayi shi ne hukuncin da bai damu da ko jikin ƙarfe ne ko ruwa ba. Da wannan aka fahimci halin maganaɗisu a daidai zafin da yake rasa ƙarfinsa, Wilson kuma ya sami Nobel a 1982. A cikin hisabin maganaɗisu akwai wani adadi mai nuna yawan fuskokin da ƙaramar kibiyar kowace zarra take iya kallo, ɗaya ko biyu ko uku. A 1972 ɗin sai De Gennes ya ce a sa sifili. A zahiri maganar ba ta da ma'ana, domin kibiyar da ba ta da fuska ko ɗaya ba kibiya ba ce. Amma a cikin jimlar hisabin, kowace hanya mai rufaffen zobe tana zuwa ne a ninke da wannan adadi, saboda haka sifili yana share zobban gaba ɗaya, ya bar layi guda wanda ba ya taka kansa, wato silsilarmu. Daga nan Le Guillou da Zinn-Justin a Saclay ta Faransa suka fitar da ma'aunin a 1977, ya kama 0.588, kusa ƙwarai da kirdadon Flory, gwaji da haske da ƙwayoyin nutron kuma ya gaskata shi. Ma'anarsa ita ce silsilar da aka ninka tsawonta sau 100 curinta yana ninkuwa kusan sau 15, ko ta roba ce, ko ta tsiro, muddin tana cikin ruwan da ya karɓe ta.

Wajibi ne a yi adalci a nan, domin ƙaro bai bi wannan hukunci sau da ƙafa ba. Shi silsila ce mai rassa, rassan ma da nasu rassan, galibinsa sukari ne iri-iri a ƙulle, tare da ɗan furotin da bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, kuma wannan ɗan furotin ne yake kama jikin mai ko gawayi ya bar rassan suna lilo a ruwa. Yawan rassa ya sa curinsa ya matse, shi ya sa ake iya narka shi da yawa ruwan bai yi kauri ba, saɓanin yauƙin kuɓewa wanda kaɗan daga cikinsa yake sa miya ta yi zare. Silsila mai rassa ma ta sami rabonta daga nazarin filaye, domin Giorgio Parisi na Italiya, wanda aka ba Nobel a 2021, tare da Nicolas Sourlas, sun nuna a 1981 cewa mai rassa barkatai ma'auninta rabi ne cif a sarari mai fuska uku. Amma rassan ƙaro ba barkatai suke ba, bishiya ce ta tsara su, kuma tsarin yana bambanta daga ɗakwara zuwa sauran danginta masu ƙaya, har ma daga wata ƙasa zuwa wata.

Wannan ne ya sa nake ganin bahasin namu ne, ba na kallo daga nesa ba. Ɗakwara tana tsirowa a gabashin jihar Damagaram, wajen Gure, har zuwa ƙasar Manga, ana tsaga ta da rani a tsinci ƙaron. Kasuwar duniya kuwa, wadda Sudan da Chadi da Najeriya suka fi cikawa, tana sayensa ɗanye, a tace shi a Turai, galibi a Faransa, a zuba shi cikin lemon kwalba da alewa da magunguna da lambar E414, inda yake yin aikin nan dai da yake yi a kurtu, wato hana ɗigon mai haɗuwa da ɗan'uwansa. Mai tsinta yana sayar da nauyi, mai tacewa yana sayar da sani, ratar da ke tsakanin kuɗin biyun kuwa ba ƙarama ba ce. Abin yana damuna, musamman da yake wannan fanni yana cikin mafi arahar fannonin ilimin zamani: rabinsa alƙalami ne da takarda da kwamfuta matsakaiciya, ɗaya rabin kuma ba ya bukatar manyan injunan da ake fasa zarra da su.

Ba kuma za a ce ƙasarmu ba ta da gadon hisabi ba. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan hatimai masu daidaitattun adadi wanda masana tarihin lissafi suke ambata har yau. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya kai matuƙa a ilimin fizik a Faransa, ya dawo ya shugabanci binciken makamashin rana a Yamai, ya kuma yi kira a littafinsa na 1964 a kan tarbiyya a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. Ya rasu a 1991, babbar jami'ar ƙasar da ke Yamai tana ɗauke da sunansa. Zinder kanta ta sami jami'arta a 2010, wadda yanzu ake kira da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya rubuta labarin Damagaram ta ƙarni na 19, kuma tana da sashen kimiyya da fasaha. A waje kuma akwai cibiyar da Abdus Salam na Pakistan, wanda shi kansa gwanin filayen kwantom ne, ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 musamman don masana daga ƙasashe irin namu, da cibiyar lissafi ta AIMS mai reshe a Mbour ta Senegal tun 2011.

Aikin farko da ɗalibi a Zinder zai iya yi bai fi ƙarfin ɗakin gwaji mai sauƙi ba. Einstein ya nuna a 1906, ya kuma gyara hisabin a 1911, cewa ƙwayoyi masu siffar ƙwallo suna ƙara wa ruwa kauri da ninki biyu da rabi na rabon wurin da suka cinye. Saboda haka in aka narka ƙaro a ma'auni daban-daban, aka bar kowane ya gangara ta siririn bututun gilashi ana duba agogo, a zafi guda da gishiri guda, bambancin daƙiƙoƙin zai faɗi girman wurin da curin yake cinyewa a ruwa. In aka maimaita da ƙaron Gure da na Manga, na farkon rani da na ƙarshensa, na ɗakwara da na sauran itatuwa, za a sami jadawalin da zai nuna wanne ya fi dacewa da riƙe mai, wanne da tawada, wanne da magani, kuma da irin wannan jadawali ne masu saye a Turai suke yanke darajar buhu.